Minti Goma Sha Biyu a Rigar Benin

Lolo, 4 ga Satumba

Zuwa ga ƙanena Abdulganiyu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Sakinatu da yara. Mu nan sai godiya. Kogi ya cika har ya taɓa gindin shinkafa, amma bai ci ba tukuna.

Ka yi haƙuri da takarda, na san mutanen Ikko sun manta da biro. Kunnen nan ne ya ƙi. Tun zazzaɓin bara, in na kanga waya sai in ji kamar ana daka a gidan maƙwabta. Ango direba shina kai busasshen kifi nan wajenku duk mako, shi zai riƙa kawo maka takardata, shi komo mini da amsa.

Labari ya iso muna cewa an sa ka cikin mutum biyar da za su zaɓi 'yan wasan zari-ruga na ƙasa, kuma ɗanka Zayyanu na wajena shina cikin waɗanda anka kira sansani. Ranar kasuwa hannuna har ya gaji da gaisawa. Mutanenmu fa har yau ba su gane wasan ba. Dela mai fura ta tare ni, wai ƙwallon ne ya lalace ya koma kamar gwanda, ko haka anka ƙera shi. Na ce mata kokawa ce da gudu. Ta ce to in kokawa ce ai magana ta ƙare.

Ba ni ɓoye maka abin da ke raina. Shekara goma sha ɗaya na yi ina kokawa, daga Bagudo har Kamba, ban taɓa wakiltar abin da ya wuce ƙaramar hukuma ba. Ranar da ka ɗauke yaron nan daga filin kokawa ka kai shi Kaduna, ka ce wuyansa da ƙugunsa na wani wasa ne, wata biyu ban yi maka magana ba. Yanzu na yarda ka fi ni gani. Tun da matata Sabuwa ta rasu gidan nan ya yi mini faɗi, kuma shi kaɗai ta bar mini. Abu guda nike roƙo ga Allah, in gan shi cikin koriyar riga, ko a wayar wani ne. Ba sai na ji taken ƙasa ba, in ga bakinsa na motsi ya ishe ni.

Ban ce ka yi son kai ba. Amma dai mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya.

Ka gaishe da iyali. Allah shi bar zumunci.

Yayanka,
Ɗanmusa

*

Legas, 11 ga Satumba

Zuwa ga Yaya Ɗanmusa,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da ban girma. Takardarka ta iso, Sakinatu ta karanta zancen Dela ta yi dariya har da hawaye. Allah Ya ƙara sauƙin kunne.

Yaya, uwar da ke gindin murhun nan ludayinta ɗaya ne cikin biyar. Tun ranar farko na gaya wa kwamiti cewa Zayyanu ɗan wana ne, na ce in suna so in fita idan an zo kansa. Suka ce in zauna, tunda ni nake horar da 'yan gaba, ba wanda ya fi ni ganinsu.

Bari in kwatanta maka inda ake jayayya. A wasan nan akwai lokacin da mutum takwas suke sunkuyawa su haɗa kafaɗa da wasu takwas, a yi ta turereniya. Mai lamba uku yana sahun gaba, nauyin kowa a wuyansa yake sauka. Gurbi ɗaya ya rage a wannan lamba, mutum biyu ke nemansa: Zayyanu da wani yaro Tobi, ɗan Najeriya ne amma haifaffen Ingila.

Shugaban kwamiti yana bayan Tobi, kuma ba zan ce ba shi da hujja ba. Yaron tun yana shekara bakwai yake wasan, doka a kansa take. Ɗanka kuwa, a wasan gwaji na Asabar sau uku alƙali yana busa masa usur. Sai ya sunkuci mutum ya ɗaga sama, abin da aka hana, ya nana da ƙasa, sannan ya tsaya yana waige kamar yana jiran makaɗa su wasa shi. Na san inda ya gado wannan.

Ni kuma na ce su je su duba ciyawar filin. Da aka haɗa su a turereniya, Tobi ya ja da baya taku biyu, sawun takalminsa na nan ya kafta ƙasa. Doka ana koya wa mutum ita cikin wata guda, wuya kuwa ba a koyar da shi. Na kuma ce in kullum sai mun aika waje mun ɗauko, wane uba ne zai sake barin ɗansa ya je fili a Kaduna ko Zariya? Mace ɗaya ce a cikinmu, Madam Efe, ta buga tebur ta ce tana tare da ni. Yanzu biyu da biyu muke.

Na biyar ɗin shi ne bai tsaya ba. Dattijo ne, tsohon ɗan wasa, ba ya son hayaniya. Abin da yake cewa kawai, Zayyanu bai taɓa buga babban wasa a gaban taro ba, ba a san yadda zuciyarsa za ta yi ba. Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfina.

Za a yanke hukunci farkon watan gobe. Ka aiko mini da takardar haihuwarsa da ta shaidar ƙaramar hukuma. Ya riga ya cike fom ɗinsa, yana hannuna. Yana lafiya, yana cin abincin mutum uku, ya ce a gaishe ka.

Ƙaninka,
Abdulganiyu

*

Lolo, 18 ga Satumba

Ƙanena,

Gaisuwa da fatan alheri. Ga takardun nan biyu cikin leda, kada ruwan kifin Ango shi taɓa su.

Na karanta zancen dattijon nan naku na yi murmushi. Wai bai taɓa buga babban wasa ba. To ka buɗe ledar da kyau, akwai hoto a tsakiya. Ka ajiye masa shi a kan tebur, kada ka ce komai.

Wanda ke tsaye na biyu daga hagu, cikin riga ruwan ɗorawa, ɗanka ne. Tawagar ƙasar Benin ke nan, a Kwatano, ranar da sunka kara da Togo. Ka dubi jama'ar da ke bayansu.

Ga yadda anka yi. Bara, sati guda bayan sadakar arba'in ɗin Sabuwa, wanta Namadi ya ƙetaro daga Malanbil ta ƙasar Benin. Ka san shi da shige-shige, ashe shina cikin masu kula da 'yan wasan can. Ya zauna a zaure ya ce, "Ɗanmusa, wani ƙato namu ya karye ga kafaɗa, wasa saura kwana shida. Ka ara muna ɗan ƙanwarmu." Tunda Sabuwa a Madekali, can cikin Benin, anka haife ta, takarda ba ta yi wuya ba. Zayyanu na gida lokacin, ya zo zaman makoki. Ya ɗan yi nauyin jiki, wai sai ya tambaye ka. Na ce yaushe anka fara neman izni kafin a taimaki kawu?

Kai ma ka san yadda muke da mutanen can. In shinkafarsu ta nuna mu kan ƙetara gayya, in tamu ta nuna su zo. In an buga gangar kokawa a Madekali, samarinmu ke cika fili. Ni kaina sau huɗu ana aiko mini da goro daga can, kuma a zamaninmu ba a aika wa rago goro. Wanda anka kira daga ƙetare, shi ne anka tabbata ƙarfinsa.

Saura minti goma sha biyu a tashi anka sa shi. Namadi ya ce tun da ya shiga, mutanen Togo ba su ƙara matsawa gaba ba ko taƙi guda. Sunka ci wasan. Ni na ce masa shi bar maganar a cikinsa, don na san halinka, sai ka yi ta faɗan bai nemi izninka ba. Yanzu kuwa ga ranarta ta zo.

Ƙasa guda ta riga ta gwada shi ta yaba. In ƙasar uwarsa ta ga ya isa, ban ga abin da zai hana ƙasar ubansa gani ba.

Ina jiran albishir. A shafa mini kan yara.

Ɗanmusa

*

Legas, 25 ga Satumba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ka samu wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa.

Na buɗe ledar a ofis, na ga hoton, na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na juya bayansa na ga kwanan wata da hatimi. Ba wasan sada zumunci na unguwa ba ne, Yaya. Cikakken wasan ƙasa da ƙasa ne, sunansa yana cikin takardar alƙali.

A wasan nan akwai doka ta duniya baki ɗaya. Duk wanda ya sa rigar babbar tawagar wata ƙasa ya taka fili, ko na minti ɗaya ne, ya zama nata. Ba zai buga wa wata ƙasa ba sai ya yi shekara uku cur bai sake buga wa ta farkon ba, sannan ya nemi izni a rubuce. Ba a san aro ba a wannan doka. Na ƙirga da yatsu har sau uku ko zan samu kuskure. Saura masa wata ashirin da ɗaya. Shekararsa ashirin da tara, gwiwarsa ta hagu kullum sai an ɗaure ta kafin ya fita, kuma gasar da ake wannan zaɓe dominta a bana za a yi ta.

Akwai abin da ya fi wannan. A cikin fom an tambaye shi ko ya taɓa buga wa wata ƙasa. Ya rubuta a'a, ya sa hannu. Na san ba ƙarya ya yi niyya ba. A ransa taimakon kawu ya je, kamar yadda ka ce. Amma takarda ba ta san niyya ba. In na kai hoton nan gaban kwamiti, za a ce ya yi shaidar ƙarya, ana iya dakatar da shi har daga kulob ɗinsa. In na yi shiru aka zaɓe shi, ranar da wani ya tono, za a ƙwace duk wasan da muka ci da shi a ciki. Yara talatin ne a sansanin nan, kowanne da uban da ke jira a gida kamar kai.

Na zare fom ɗin daga fayil, yana aljihuna. Abin da ya fi ƙona mini rai, jiya dattijon nan ya ja ni gefe ya ce ya sake kallon yaron, ya fara saukowa.

Da an tambaye ni bara, kalma ɗaya ce za ta raba mu da wannan. Ban faɗa don in ɗora maka laifi ba, zafin ne ya yi yawa. Ina so in zaunar da Zayyanu in yi masa bayani, ya janye da kansa. Amma kai ne ubansa, ba zan yi ba sai na ji daga gare ka.

Allah Ya ba mu mafita.

Abdulganiyu

*

Lolo, 2 ga Oktoba

Abdulganiyu,

Sallama. Ban iya doguwar gaisuwa yau.

Wace irin doka ce wagga? Wa ya zauna ya rubuta ta, ya taɓa zuwa Lolo? Iyakar da kuke magana ni na san inda take, ta tsakiyar gonar geron surukina ta bi. Da safe ya yi noma a Najeriya, da hantsi ya sha fura a Benin. Yanzu don yaro ya taimaki ɗan'uwan uwarsa na minti goma sha biyu, sai a ce ya sai da ƙasarsa?

Ka ƙone hoton. Wa ya san Kwatano a cikin mutanen Ikko? Ni na ɗauke ka a kafaɗa na kai ka makarantar Bagudo ranar da Baba ya ce noma za ka yi. Ban taɓa tuna maka ba, yau na tuna.

Na ajiye biro nan na tai masallaci na komo. Na karanta abin da na rubuta a sama, na so in yage, amma bari ka gani, ka san halin da nike ciki. Na san ba ka ƙonewa. Tun kana yaro ko ƙwan zabo ka tsinta sai ka zagaya gari neman mai shi. Kuma yaran nan talatin sun tsaya mini a rai.

To ga roƙona na gaskiya. Ban gaya maka duka ba a waccan takarda. Ba nauyin jiki kawai Zayyanu ya yi ba. Durƙusawa ya yi gabana ya ce, "Baba, ka bari in kira Baffa, wasan ga yana da dokoki da ban sani ba." Ya ɗauko waya. Ni na karɓe ta daga hannunsa. Namadi na zaune, kamarsu guda da Sabuwa, ko kwana hamsin ba ta yi a ƙasa ba, na ji ba ni iya ce wa wannan fuska a'a. Na ce wa yaron in bai bi kawunsa ba ban yafe masa ba. Da wannan kalma ya hau mota.

In ka yi masa bayanin dokar nan, a take zai gane wanda ya yanke masa hanya. Abdulganiyu, ba ni da kunne, ba ni da mata. In yaron nan ya dube ni da wani ido, ban san abin da ya rage mini ba. Ka fitar da shi ta duk hanyar da ka sani, amma kada shi san dalili. Na haɗa ka da Allah, na haɗa ka da nonon da munka sha.

Yayanka

*

Legas, 9 ga Oktoba

Yaya,

Assalamu alaikum. Na yi abin da ka ce.

An zauna ranar Talata. Da aka zo lamba uku, dattijon ya gyara murya ya ce shi yanzu yana tare da Zayyanu. Mun zama uku ke nan, shugaba har ya ɗauki biro zai rubuta sunansa. Sai na ce a dakata. Na ce na sake nazari, yaron bai kai ba. Na ce ba ya riƙe doka, gwiwarsa ba za ta kai ƙarshen gasa ba, a ba Tobi. Duk hujjar da na yi wata guda ina rushewa, ni na tsaya na gina ta da bakina.

Madam Efe ta cire tabarau ta dube ni, ta ce, "Malam Abdulganiyu, wa ya yi maka magana?" Na ce ba kowa. Tun ranar ba ta amsa gaisuwata.

Ba a ɓoye magana a sansani. Kafin azahar ya ji. Na same shi a bakin ƙofa da jakarsa, ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum. Ya ce, "Baffa, an ce uku ne suka tsaya mini, kai ka ce ban kai ba. Gaskiya ne?" Na ce gaskiya ne. Ya ce, "Tun yaushe ka san ban kai ba?" Na ce sai haƙuri. Ya ce ya gode, ya ɗauki jakarsa. Na ce in kai shi tasha, ya ce zai hau bas.

Shekara shida ina gaya wa yaron nan ya kai. Sakinatu tana ta tambayata abin da ya faru, ita ma ban gaya mata ba.

Na cika maka alkawari, kuma zan ci gaba da riƙewa. Amma ina roƙonka, kada ka sake haɗa ni da nonon Inna a kan wani abu. Ka ɗan ba ni lokaci kafin in sake rubutowa.

Ƙaninka,
Abdulganiyu

*

Kaduna, 20 ga Oktoba

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum Baba. Ina gaishe ka da girmamawa. Ina fatan jiki da sauƙi, kuma an fara yankan shinkafa lafiya. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san ban iya tsara magana ba.

Na san ka ji ba a ɗauke ni ba. Na daɗe ban rubuto ba don kunya. Baba, na yi iya ƙoƙarina. Ko ranar da gwiwa ta kumbura ban faɗa wa kowa ba, na fita. Da mutanen can ne suka ƙi ni, da ban ji komai ba, sai in ce rabo ne. Amma Baffa ne. An riga an ɗauke ni, ya tashi ya ce ban kai ba. Na tambaye shi da bakina, ya ce haka ne.

Abokaina sun ce wai don kada a ce ya ɗauki ɗansa ne, ya wanke sunansa da ni. Ni ban sani ba. In kuwa gaskiya ya faɗa, to shekara shida yana ruɗi na ke nan. Ko wanne ne, na goge lambarsa. Ba zan zage shi ba, ƙaninka ne, amma ƙafata ba za ta sake taka gidansa ba. Kada ka ce in je, don ba na son in saɓa maka.

Na gaya wa kocinmu na nan na bar wasa. Na ba wani yaro takalmana. In an gama biyana na wata zan taho gida in kama maka aikin gona.

Ka yafe mini, Baba, ban kawo maka rigar da kake so ba. Da na tuna yadda kake gaya wa mutane a kasuwa sai in kasa cin abinci. Tun da Inna ta tafi, yanzu kuma ga Baffa, kai kaɗai ka rage mini wanda bai taɓa cuta ta ba.

Ɗanka mai biyayya,
Zayyanu

*

Lolo, 27 ga Oktoba

Zayyanu,

Sallama. Takardarka ta iso. Babu abin da zan yafe maka.

Ka kai. Baffanka ya fi kowa sanin ka kai. Ka karɓo takalmanka. Kada ka taho gida tukuna, ka hau mota ka koma Ikko, ka nuna masa wagga takarda, ka ce na kwance shi daga abin da na ɗaure shi da shi. Shi gaya maka komai, kada shi rage don ni.

Ba shi ya kada ka ba, ɗana. Ni na kada ka, tun bara, a zauren gidanmu.

In ka ji, in kana iya zuwa, ina nan. In ba ka iyawa, ban ga laifinka ba.

Mahaifinka,
Ɗanmusa